Kafin ki biya kuɗin maganin haske na bakin mahaifa

Ƙanwata ce ta turo min bidiyon a WhatsApp da daddare. Wata 'yar fitila ce mai jan haske, ana tallar wai tana kashe HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar kwanciya, tana warkar da kumburin bakin mahaifa, ba yanka ba jini. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, in saya? Wallahi na gaji da sanyin nan." Kusan shekara ke nan tana fama. Ta sha kafso kala-kala daga kemis ɗin bakin layinsu, ta kama ruwa da bagaruwa, abin ya lafa ya dawo.

Maganin haske akwai shi, amma ba wannan fitilar ba ce. A asibiti ake yinsa, kuma a ƙasar Sin aka fi amfani da shi. Likita zai shafa wani sinadari mai suna ALA a bakin mahaifa, a bar shi kamar awa 3 zuwa 4 ya ratsa. Wurin da ya lalace ya fi lafiyayyen nama shan sinadarin, saboda haka idan aka haska masa jan haske na musamman, shi ne zai mutu. Ba a yanke komai, dalilin da ya sa mai neman haihuwa ke sha'awarsa ke nan. Sai dai ba zama ɗaya ba ne, akan maimaita, kuma ba ya cikin hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bi. Fitila kuwa ba tare da sinadarin ba, ɗumi kawai za ki saya.

Ni abin da na fara tambayar ƙanwar tawa shi ne: wa ya ce miki HPV ce? Don ita wannan ƙwayar shiru take zama, ba kasafai take kawo ruwa mai wari ko ciwon mara ba. Yawancin kumburin da muke kira sanyi daga wasu ƙwayoyin yake, irin su gonoriya da kilamidiya. Waɗannan, a ɗebi ruwan gaba a auna, a rubuta maganin da ya dace, shi ke nan, kuma shi ne mafi araha a duk zaɓin. Amma fa sai maigida ya sha, in da abokiyar zama ita ma ta sha. Nan ne ake jin nauyin magana, kuma nan ne ake an yi ba a yi ba.

Idan awo ya nuna HPV ɗin ce, kar ki ɗaga hankalinki. Kusan 9 cikin 10 jiki ne ke kore ta da kansa cikin shekara 2, kuma babu ƙwayar maganin da ke kashe ta, komai daɗin bakin mai talla. Abin tsoron shi ne wadda ta ƙi tafiya, musamman nau'i na 16 da na 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ɓarnar da ta fara yi, wato tabon da take bari a bakin mahaifa, ake magancewa.

In tabon ƙarami ne, kuma ana ganinsa gaba ɗaya, ana iya ƙone shi da wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane ɗorawa. Ko a daskarar da shi da iskar gas. Ni na fi karkata ga na zafin, don na'urar ƙarama ce, ba ta jiran tukunyar gas, rana ɗaya an gama. In tabon babba ne ko ya shige ciki, sai LEEP, wato a yanko shi da siririyar waya mai lantarki. Fa'idarsa ita ce ana kai naman ɗakin gwaji a tabbatar ba sankara ba ce, abin da haske da ƙonawa ba sa bayarwa. Illarsa, yakan ɗan ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, don haka ki gaya wa likita in kina sa ran ƙarin haihuwa. Kowanne aka yi, za ki ga ruwa na 'yan makonni, a dakatar da kwanciya kamar wata guda, a sake awo bayan shekara.

Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Nasarawa duk suna da sashen mata. Ki je ki nemi awon bakin mahaifa, musamman in kin kai shekara 30, ki tambayi wace hanya suke da ita da kuɗin kowacce. In kina da 'ya mai shekara 9 zuwa 14, ki yi tambaya kan rigakafin HPV, wadda aka fara yi kyauta a Najeriya a watan Oktoban 2023, Kano na cikin jihohin farko.

Ƙanwar tawa ba ta sayi fitilar ba. Ranar Litinin na raka ta aka ɗebi awo, yanzu tana tunanin yadda za ta shawo kan maigidan ya yarda a rubuta masa nasa maganin.