Hoto uku ko RAW guda a ƙofar fadar Damagaram?

Da tsakar rana a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, haske kan ƙone bangon fadar Sarkin Damagaram a hoto, cikin zaure kuwa baƙi ƙirin. Dabara ta farko: ɗora kamara kan ƙafa uku, ka sa ISO (ƙarfin karɓar haske) a 100, buɗin ido a f/8, ka ɗauki hoto uku a matakan haske −2, 0 da +2 (mai duhu, daidai, mai haske), saurin ƙiftawar kamara kaɗai kake sauyawa, sannan ka haɗe su a manhajar gyaran hoto ta Lightroom. Zanen bango da cikin zaure duk za su fito tar. Amma fa dogari ya gifta, sai ya fito kamar fatalwa a hoton da aka haɗa.

Dabara ta biyu kuwa, RAW guda, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba: a bango za ka auna haske, ka haskaka inuwa daga baya wajen gyara, ka haƙura da ɗigo-ɗigon da zai fito a cikinta. Ranar hawan sallah, dawakai na sukuwa, ta biyun nake bi.