Potassium sorbate: ya riƙe zoɓo, amma kunun aya ya ba ni kunya

Masu sayar da kayan kek suna cewa wannan farin sinadarin mai kama da tsakin shinkafa yana riƙe kowane irin abin sha. Ba gaskiya ba ne, kuma kunun aya ne ya tona asirin maganar. An sa shi daidai awo, giram 8 a jarka mai lita 20, an ɗura a robobi, wuta ta ɗauke da dare. Kafin gari ya waye kunun ya tsinke, ya yi tsami, robobin sun kumbura, ana murɗe marfi sai iska ta fito. Aya, dabino, kwakwa, sukari, duk asara. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ledar da aka ƙullo sinadarin a ciki ba ta da ko rubutu ɗaya da zai gargaɗi mai saye.

Dalilin a fili yake. Potassium sorbate, wanda ake rubutawa E202 a jikin kaya, ba ya aiki sai ya rikiɗe ya zama sorbic acid a cikin abin shan, kuma tsami ne ke sa hakan. Gwargwadon tsamin abu, gwargwadon ƙarfinsa. Ma'aunin tsami na pH yana hawa ne in tsami ya ragu, kuma da zarar ya haura 6.5, sinadarin kusan ya zama hoto. Kunun aya sabo ba shi da tsami, yana can kusa da wannan iyakar. Na biyu, yis da fumfuna yake hanawa yaɗuwa, ba ya kashe su, kuma ƙarfinsa a kan bakteriya kaɗan ne. Kunun aya kuwa ba a dafa shi, duk abin da ya biyo aya daga jiƙo, injin markaɗe da matata yana nan da ransa. Ƙara masa yawa ba zai gyara komai ba, sai dai ya ɓata ɗanɗano ya bar maƙaƙi a maƙogwaro. Kunun aya sai sanyi, sai tsafta, sai a sayar da shi a ranar.

A zoɓo kam ban da ƙorafi. Zoɓo yana da tsami na asali, pH ɗinsa na kusa da 3, kuma an tafasa shi, don haka sinadarin ya samu abin da yake so. Kumfar nan da ke tasowa da farar fumfuna a wuyan roba duk suna jinkiri sosai. Amma sai an bi ƙa'ida. A auna giram 0.4 ga kowace lita da sikelin dijital, ba cokali ba. A narkar da shi a rabin kofin ruwan ɗumi tukuna, sannan a zuba a hankali ana juyawa. In aka watsa shi a bushe cikin abu mai tsami, sorbic acid ɗin yana iya fitowa ya yi farin gari-gari, domin shi ba ya narkewa da kyau a ruwa. Kada a sa shi tukunya na kan wuta, tururi na tafiya da wani kaso. A bari a sauke a tace. In za a ƙara lemon tsami, ya zo daga baya. Zoɓon da ya riga ya fara kumfa kuwa, babu sorbate ɗin da zai dawo da shi.

Batun lafiya, hankalina a kwance yake muddin an auna. Jiki yana sarrafa shi kamar yadda yake sarrafa mai. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakar miligiram 11 na sorbic acid ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, a 2019. Robar rabin lita a awon da na faɗa tana ɗauke da kusan miligiram 150 na sorbic acid. Ga babba mai kilo 60 wannan ba komai ba ne, amma yaro mai kilo 15 roba ɗaya ta kusa cika masa kasonsa na yini. To ina ga mai zuba cokali biyu da ka, wai don ya daɗe?

Wannan ne ma ya dawo da ni kan ledar nan. Ana buɗe buhu a ƙulla a leda fara, babu suna, babu ranar lalacewa, babu awo, a shanya a rana. Iska da haske suna sa shi ya koma rawaya, ƙarfinsa ya ragu. Wani lokacin ma ba ka da tabbacin sorbate ne ko sodium benzoate, wani sinadarin hana lalacewa na daban, alhali benzoate ba a son haɗa shi da bitamin C. Masu burodi su ma su kiyaye, in ya shiga kwaɓi yana danne yis, burodi ya ƙi tashi. Zan ci gaba da saye don zoɓo, amma sai mai rufaffiyar roba da rubutun kamfani, fari tas, a ajiye a inuwa da marfi a rufe.