Diraif a Cikin Fanel ko Diraif a Jikin Bango: Wanne Ya Dace da Wurinka?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce za ka haɗa moton lantarki mai kilowat 30 da VFD, wato diraif ɗin da ke sarrafa gudunsa, a ɗakin aiki mai ƙura inda ake wanke daɓe da tiyo. Tambayarka ita ce: ka sayi mai lamba IP20 ka saka a fanel, wato akwatin kayan lantarki, ko mai IP55 ka kafa a bango kusa da moton?

Lambar nan daga ƙa'idar IEC 60529 take. Alƙalamin farko na ƙura da abubuwa masu tauri ne, na biyu na ruwa. IP20 yana hana yatsa shiga ne kawai, ruwa kuwa ko ɗigo ba ya tarewa, shi ya sa ba ya zama sai a cikin akwati. IP55 yana tare ƙurar da za ta yi ɓarna, yana kuma jure feshin tiyo daga kowace fuska.

Inda su biyun suka fi rabuwa shi ne zafi, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Diraif yana mayar da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na wutar da ke ratsa shi zuwa zafi. A naka, wat 600 zuwa 900 ke nan, tamkar ka kunna ƙaramar hita dare da rana. Na bango yana da haƙarƙarin sanyaya da fankarsa a baya, iskar ɗaki ke kwashe zafin kai tsaye. Na fanel kuwa a cikin akwatin yake zubar da nasa, kai ne za ka nemo masa mafita. Yawancin kamfanoni suna ba da cikakken ƙarfi har digiri 40 na Salshiyas, daga nan zuwa 50 sai a rage kaya, galibi kashi 1 cikin 100 a kan kowane digiri. Iskar da ake nufi ita ce wadda ke shiga diraif ɗin. Idan ɗakin yana 38, cikin fanel zai iya haura 48 ba ka sani ba. Kafasitocin ciki, wato sassan da ke adana caji, su ne ke ɗanɗana kuɗarsu, domin duk ƙarin digiri 10 yana yanke kwanansu kusan gida biyu.

Za ka ce ai sai a sa wa fanel fanka da filta. Haka ne, amma wa zai riƙa wanke filtar? A wuri mai ƙura, ba a jimawa take toshewa, diraif ya fara tsayawa da kansa saboda zafi, ma'aikaci ya buɗe ƙofar fanel don ya sha iska, shi ke nan kariyar ta tafi. Wannan buɗe ƙofar yana damuna ƙwarai, don ƙurar ƙarfe ko ta gawayi tana ɗaukar wutar lantarki, tana sauka kan allon lantarki na cikin diraif sai ƙonewa. Na bangon ma yana son a riƙa hure masa haƙarƙari, sai dai allonsa a rufe yake ko an yi sakaci.

Batun laima, wato danshin iska, kusan kunnen doki ne. Dukansu suna jure har kashi 95 cikin 100 muddin ba ta zama raɓa ba. Raɓar tana kwanciya ne idan an kashe na'ura ta huce da dare. A fanel ana sa 'yar hita mai kunna kanta, wannan kam fanel ya fi sauƙin magani. Tsayin wuri ma bai bambanta su ba: sama da mita 1000 daga teku iska ta yi sauƙi, ana rage kaya kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100.

Kada lambar IP ta ruɗe ka a kan abu biyu. Iskar gas mai cin tagulla, irin amoniya da kulorin da mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana samun hanyar shiga, don haka nemi wanda aka shafe allonsa da shafen kariya, ka duba ajinsa, 3C2 ko 3C3. Sannan IP55 ba ya hana fashewa. Idan ƙurar taka mai kamawa da wuta ce, kamar garin hatsi ko na katako, diraif ɗin ya fita daga ɗakin gaba ɗaya.

Fanel yana da ranarsa. In diraif biyar ko goma ne, kana da ɗakin lantarki mai tsabta da sanyi, tara su wuri guda ya fi tsari. Sai dai kebul zuwa moto zai yi tsawo, kebul mai tsawo kuma yana haifar da tsallen wuta da ke cin rufin wayoyin moto, har a buƙaci filta ta musamman a mafitar diraif.

A naka yanayin, moto ɗaya ga ƙura ga tiyo, ni IP55 zan ɗauka. Kafa shi a tsaye a bango mara girgiza, inda rana ba ta dukansa, ka bar masa fili sama da ƙasa gwargwadon yadda littafinsa ya faɗa, ka ɗaure bakin kebul da marufin da ya kai lambar IP ɗinsa. Kafin ka saya, rataya ma'aunin zafi a daidai gurbin na mako guda, ka duba shi da tsakar rana lokacin da duk injuna ke aiki. In ya wuce 40, ɗauki diraif na gaba da shi a girma.