MudWatt: Na'urar da ke Tatso Wutar Lantarki daga Laka

MudWatt wata 'yar na'ura ce ta koyar da kimiyya da wani kamfanin Amurka ke sayarwa, kuma aikinta shi ne nuna yadda ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa cikin laka suke samar da wutar lantarki. A cikin kwalinta akwai ƙoƙon roba mai murfi, da faifai biyu masu laushi kamar soso, da wayoyi, da ɗan allo mai ƙaramar fitila. Laka kuwa mai saye ne zai nemo, kuma baƙar lakar fadama mai warin ruɓaɓɓen ganye ta fi rairayi nesa ba kusa ba.

Haɗa ta ba ya da wuya. Ana binne faifai ɗaya can ƙasan laka inda iska ba ta kaiwa, sannan a ɗora ɗayan a sama yana shan iska. Bakteriya irin su Geobacter da Shewanella suna cin ruɓaɓɓun abubuwan da ke cikin lakar, suna zuba ilektron, wato ƙananan abubuwan da gudanarsu ce wutar lantarki, a jikin faifan ƙasa, daga nan ilektron ɗin su bi waya zuwa faifan sama inda suke haɗuwa da iskar oksijin. Bayan 'yan kwanaki fitilar takan fara ƙyaftawa jefi-jefi, kuma gwargwadon yawaitar ƙwayoyin a jikin faifan, gwargwadon saurin ƙyaftawar. Wannan ne ya fi burge ni, domin yaro yana ganin bunƙasar halittar da ido ba ya iya gani, ta hanyar ƙirga ƙyaftawar fitila kawai.

Ilimin ba sabo ba ne, domin tun a 1911 Michael Potter na Jami'ar Durham a Ingila ya nuna cewa ƙwayoyin halitta suna iya ba da lantarki, kuma a 1987 Derek Lovley ya gano Geobacter a lakar kogin Potomac da ke Amurka.

Sai dai kada wani ya saye ta da niyyar cajin waya. Wutar da take bayarwa da maikirowat ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin miliyan na wat, abin da bai wuce kunna wannan fitila ko ƙaramin agogo ba. Ga malamin kimiyya a sakandare kuwa, ina ganin ta cancanci kuɗinta, musamman idan ɗalibai za su gwada lakar wurare daban-daban su kwatanta sakamakon. A kula kada lakar ta bushe, kada kuma ruwa ya shanye faifan sama, sannan a lokacin hunturu a ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, domin sanyi yana rage kuzarin ƙwayoyin.