Oksimita ta yara: abin da na gani tun zamanin korona

Wata ƙawata ce ta tambaye ni wai ko ya dace ta sayi oksimita, na'urar nan da ake maƙala wa yaro a yatsa ta nuna yawan iskar oksijin a jini da bugun zuciya, shi ne na ce bari kawai in rubuta kowa ya gani tunda ni tawa ta daɗe a hannuna.

A 2020 na saya, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annobar duniya ranar 11 ga Maris. Ana cikin kulle, ga yarona na biyu dama yana da asma, tari ɗaya zai yi cikina ya ɗuri ruwa. Kuskuren farko, ta manya na saya, yatsan ɗan shekara huɗu yawo kawai yake a ciki, lamba ta yi ta tsalle, yanzu 97 anjima 84, ni kuma in ta salati. Sai da na sake sayen ta yara mai ƙaramin baki sannan na samu lambar da zan yarda da ita. Don Allah kar ki ce za ki yi maneji da ta babansu.

Haske take turawa ta cikin yatsa ta yi lissafinta, shi ya sa in hannun ya yi sanyi, ko akwai jan farce, ko yaron na mutsu-mutsu, ƙarya za ta faɗa miki. Ni sai na murza masa hannu ya yi ɗumi, in jira kamar minti ɗaya lambar ta tsaya. Akwai kuma maganar fata, wadda babu wanda ya gaya min lokacin saye. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna na'urorin nan kan ƙara wa masu baƙar fata lamba fiye da ainihin abin da ke jininsu, har FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta fitar da gargaɗi a 2021. Wato za ta iya ce miki lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa.

Likitanmu ya ce 95 zuwa sama ba damuwa, in ta sauka 92 ko ƙasa a kama hanyar asibiti, amma ya ce in fi kallon yaron a kan skirin. Wlh ban gane nauyin maganar ba sai wani dare da ta nuna min 96, yaro kuma haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk numfashi, na ƙirga na samu 48 a minti ɗaya, alhali ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40 ya yi sauri. Na jefa ta a jaka muka tafi, aka sa masa nebulaiza, na'urar da ke mai da magani tururi a shaƙa. Da na biye wa 96 ɗin nan da na koma barci.

Gaskiya yawancin yara korona ba ta ba su wuya kamar manya, nawa kamar mura ta zo musu. Abin tsoron shi ne kumburin nan da ake kira MIS-C, wanda likitoci a Ingila suka fara lura da shi a Afrilun 2020, yana zuwa sati 2 zuwa 6 bayan cutar, zazzaɓi mai naci, jan ido, ƙuraje, ciwon ciki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wannan kam ba aikin oksimita ba ne, ido ne da likita.

Inda ta cuce ni, ko in ce na cuci kaina da ita, wajen babbar 'yata ne. Tana shekara bakwai lokacin, ba makaranta, ba ƙawaye, tana cikin ɗalibai kusan biliyan 1.6 da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce rufe makarantu ya shafa, kullum kuma tana kallona ina auna ƙaninta safe da dare fuskata a murtuke. Kawai sai yarinya ta fara miƙo min yatsa, Mama auna ni ko zan mutu. Barci ya gagara, fitsarin kwance da ta daina tuntuni ya dawo. Dole na ɓoye na'urar a saman wadrob, sai in da dalili nake ɗaukowa, a hankali ta ware. Autana kuma tsoron asibiti ya sa na tsallake masa allurar ƙyanda har wata huɗu, ina ta auna iskarsa kamar shi ne rigakafin, ashe ba ni kaɗai ba, yara miliyan 23 ne suka rasa rigakafin farko a 2020.

Toh, a saya ko kar a saya? In kina da mai asma ko wanda limoniya ke yawan kamawa, saya, ta sha hana ni fita tsakar dare a banza. In yaranki lafiyarsu ƙalau, ma'aunin zafin jiki ya fi miki amfani. Tauraro uku da rabi na ba ta cikin biyar. Batirinta ƙanana biyu ne kuma suna jimawa, sai dai a cire su in za a ajiye, ta farkon nan batir ne ya zube a ciki ya kashe ta.