OpenWebRX a Kano: ta burge ni, amma kar a yarda da duk abin da ta nuna

Gaskiya manhajar nan ta OpenWebRX, wadda ke ba ka damar sauraron na'urar karɓar rediyo ta intanet, ta ba ni mamaki. Kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, kuma ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 da RTL-SDR, na'urar karɓar rediyo mai kama da filashi, sun ishe ta. Da ka ɗora ta a kan kwamfutar, ka shiga ta burauza da adireshin kwamfutar da lambar ƙofa (port) 8073, shi ke nan: eriya tana Hotoro, kai kana Sabon Gari, kana kallon zangon rediyo a allo kana kuma saurare.

Inda gizo ke saƙar shi ne tashoshin FM na Kano, ga yawa ga ƙarfi. Ka leƙa tsakanin 118 da 137 MHz, inda jirage ke magana da hasumiya, sai ka tarar da wata ƙatuwar sigina, ka kasa kunne ka ji tallar maganin gargajiya. Wanda bai sani ba zai rantse wata tasha ce ta tsallake zangonta, har ya ɗauko biro zai rubuta ƙorafi. Alhali tashar tana nan inda aka ba ta. RTL-SDR ɗin ne ya ƙoshi: bit 8 kawai gare shi, wato mudun da yake auna sigina da shi ƙarami ne, idan sigina masu ƙarfi suka taru masa sai ya gauraya su ya haifo na bogi.

Gwajin ba wuya. Cire ƙarfin karɓa daga otomatik, ka rage shi da 10 dB (ma'aunin ƙarfin sigina). Sigina ta gaskiya za ta ragu daidai da haka, ta bogi kuwa sai ta zube ko ta ɓace gaba ɗaya. Maganin dindindin shi ne filta mai toshe 88 zuwa 108 MHz, a ɗaura ta tsakanin eriya da na'urar. Idan FM ɗin kanta ake sa wa ido, a cire filtar a rage ƙarfi sosai.

Sai dai da na tuna wani abu, yabon nawa ya ragu. Kusan 2.4 MHz kaɗai ake gani a lokaci guda, kuma idan mai sauraro ɗaya ya sauya zango, kowa ya bi shi dole. Kana tsaka da bibiyar sigina wani ya janye maka ita, abin takaici. Ga intanet ɗin layin waya da yawanci ba ya bari a shigo daga waje sai an haɗa da WireGuard ko Tailscale, manhajojin da ke haɗa na'urori ta keɓaɓɓiyar hanya a intanet. Kuma kar a kunna Raspberry Pi ɗin babu batirin ajiya, ɗauke wuta sau ɗaya na iya lalata katin memori.