Mother, Jugs & Speed: tsohon fim a kan masu cinikin marasa lafiya

In ka je wurin masu tura finafinai a waya a Garwa ko Marwa, ka tambaye su da sunan Faransanci, Ambulances tous risques, don da wuya su gane sunansa na asali, Mother, Jugs & Speed. Fim ne na Amurka da kamfanin 20th Century Fox ya fitar a 1976, tsawonsa awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Peter Yates ne ya ba da umarni, mutumin da ya yi Bullitt a 1968, wanda har gobe ake kwatance da tseren motocin da ke cikinsa. Tom Mankiewicz ya rubuta, shi kuwa a finafinan James Bond ya yi suna. An tallata shi a matsayin fim ɗin barkwanci, kuma barkwancin na nan, sai dai irin wanda ma'aikatan asibiti ke yi a bayan ɗakin ajiye gawa ne: ka yi dariya, ka waiwaya ko wani ya ji ka.

Labarin gajere ne. Kamfanoni biyu na motar asibiti masu zaman kansu, F+B da Unity, suna rububin kwangilar wani yanki na birnin Los Anjalis. Mai F+B, Harry Fishbine, wanda Allen Garfield ya fito a matsayinsa, ɗan kasuwa ne da bashi ya sha wa kai. Yana da ƙwararren direba, Mother, wato Bill Cosby, mai tuƙi da gwangwanin giya a gefe, mai razana matan coci da jiniya in suna tsallaka titi. Akwai sakatariyar da ke amsa waya da rarraba kira, Raquel Welch, wadda mazan wurin suka laƙaba wa suna na rashin ɗa'a, wato Jugs, saboda surar jikinta, ita kuwa a ɓoye tana karatun aikin agaji har ta samo takardar shaida. Sai Speed, Harvey Keitel, ɗan sandan da aka dakatar bisa zargin sayar da hodar iblis, ya zo neman na tuwo kafin a gama bincikensa.

Wurin da fim ɗin ya fi ƙarfi yana farkonsa. Fishbine ya tara ma'aikatansa yana yi musu huɗuba, ya faɗa musu farashin kowane mutum da za su ɗauko, mai rai ko gawa: dala 42 da santi 50, da ƙarin santi 50 a kowane mil. Duk abin da ya biyo baya daga wannan lissafin ya fito. In kuɗi na zuwa ne a kan kowane kai, wanda ya riga isa shi ke da kaya, saboda haka gudu ya zama dole, kuma ba don marar lafiya ake gudun ba. In kuɗi na ƙaruwa da nisa, asibiti mafi kusa ba shi ne mafi riba ba. In kamfani ba ya samun ko sisi a kan horar da ma'aikaci ko cika tukunyar oksijin, waɗannan su ne farkon abin da za a tsuke. Mankiewicz bai tsaya yin wa'azi a kai ba, ya bar mutanen suna ta fafutuka a cikin tsarin, kowa da uzurinsa.

Ba ƙirƙira ya yi ba. A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto a kan mace-macen haɗurra, inda ta nuna cewa kusan rabin aikin motar asibiti a ƙasar masu sana'ar binne gawa ne ke yinsa, don su ke da doguwar motar da mutum zai kwanta a ciki. Lambar gaggawa ta 911 sai a 1968 aka fara amfani da ita, dokar tarayya ta tsara aikin agajin gaggawa kuwa sai 1973. Fim ɗin ya kama ƙarshen wancan zamani ne, lokacin da ƙananan kamfanoni ke ganin ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsu.

Mai kallo a arewacin Kamaru ko Njamena ba zai ga wannan tseren a titinsa ba. A nan matsalar ta juya baya ce: motar ce ba ta isa ba, kuma mafi yawan wanda ya yi haɗari a kan kilando, wato babur ɗin haya, a kan wani kilandon ko a bayan motar wani bawan Allah ake kai shi asibiti, ko da yake akwai lambar 'yan kwana-kwana, 118, a manyan garuruwan Kamaru. Amma tushen ɗaya ne. Inda za a ce sai dangi sun haɗa kuɗin mai kafin a tada mota zuwa babban asibiti, an riga an sa farashi a kan kai, kamar dai na Fishbine. Mintocin da ake ɓatawa ana buga waya ga kawu da baffa, daga jinin marar lafiya ake cire su.

Ta fuskar aiki, akwai wurare uku da suka cancanci a tsayar da fim ɗin a duba.

Na farko abin dariya ne a allo: matakalar bene ta karye da wani ma'aikaci, gadon ɗaukar marar lafiya ya kuɓuce da mace mai jiki a kai. A zahiri haka ake karya mutum sau biyu. Gado yana da ɗamara uku, ta ƙirji, ta ƙugu, ta gwiwa, kuma ana ɗaure su duka kafin a ɗaga, ko tafiyar taku goma ce. Mai nauyi mutum huɗu ke ɗaukarsa, ba biyu ba. Wanda ke wajen kai shi ke ƙirgawa, shi kaɗai ke ba da umarnin ɗagawa da saukewa. In za a sauka bene ƙafafu ke gaba, da mutum guda a ƙasa yana faɗin matakala. In an shiga mota kuwa sai an ji maƙallin gadon ya kama, don birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tura gado da mai shi har bayan kujerar direba. Kowa ya san halin ramukan hanyar Mora zuwa Kuseri. Gadon da ba a kulle ba a wannan hanya ya fi zama a ƙasa haɗari.

Na biyu shi ne zuciyar fim ɗin, kuma nan ne dariya ke ɗaukewa ɗif. Bayan sakatariyar nan ta tilasta wa Fishbine ya bar ta ta hau mota, da barazanar kai shi kotu kan nuna bambancin jinsi, sai suka ɗauko mai naƙuda. Asibitin da suka fara zuwa ya ƙi karɓarta. Ta haihu a cikin mota, jini ya ɓalle, ta cika a hannun sabuwar ma'aikaciyar. Raquel Welch ba ta yi wani abin a zo a gani ba a sauran fim ɗin, amma a nan fuskarta ta faɗi gaskiya: ga karatu a kai, ga hannu babu kayan aiki.

Ungozoma za ta kalli wannan wuri da wani ido daban. Zubar jini bayan haihuwa, a ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi, shi ne rabin lita ko fiye cikin awa 24, kuma mafi yawan lokuta dalilinsa mahaifa ce ta saki, ta ƙi tsukewa. Abin da ake fara yi ba ya bukatar ko sefa ɗaya: a ɗora hannu a ƙasan cibiya a murza mahaifar da ƙarfi har ta yi tauri kamar ƙwallo, a sake dubawa duk minti goma sha biyar, a tabbatar mafitsara ba a cike take ba, don cikakkiyar mafitsara na hana mahaifa tsukewa. Sai allurar oksitosin, maganin da ke sa mahaifa tsukewa, awo 10 a tsoka. Ga inda namu yanayin ke shigowa: oksitosin na son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wanda ya yi watanni a aljihun mota cikin zafin Afrilu na Marwa, inda ake haura digiri 40, ba a dogara da ƙarfinsa. Shi ya sa ƙwayar misofrostol, wadda ita ma tsuke mahaifa take yi, ke da daraja a motar da ba ta da akwatin sanyi, ita ba ruwanta da firji, abokin gabarta danshi ne, sai a bar ta a cikin takardarta. A sa layin ƙarin ruwa da babbar allura tun jijiya ba ta ɓace ba, a ba da giram ɗaya na taraneksamik, maganin rage zubar jini, ta jijiya kafin awa uku su cika da haihuwa. Waɗannan duka aikin wanda aka horar ne, ba na ɗan rakiya ba. Motar da za ta ɗauki mai ciki ba tare da su da wanda ya iya su ba, taksi ce mai jiniya.

Kuma kuskuren farko a wancan wuri na fim ɗin ba a jikin matar aka yi shi ba, a ƙofar asibiti aka yi shi. Ana kiran asibitin da za a je kafin a tashi: kuna da gado, akwai mai tiyata a bakin aiki, akwai jini? Kiran minti biyu ne. A tafiya mai nisa ma akwai lissafin da ake mantawa. Matsakaiciyar tukunyar oksijin da ake yawan sawa a mota tana ɗaukar lita 680 in ta cika taf. A lita 10 kowane minti, ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Daga Garwa zuwa Marwa ya haura kilomita 200, daga Ngaundare zuwa Garwa ya fi haka, ga gangaren Mbe a tsakani. Wanda ya tashi da tukunya ɗaya, a daji za ta ƙare masa.

Na uku gajere ne, mai zafi. Leroy, abokin aikin Mother, ya je amsa kira ya ƙwanƙwasa ƙofa, ashe 'yar ƙwaya ce da bindiga, magani take nema. Nan ta kashe shi. Darasin farko da ake koya wa mai agaji ke nan, ya duba lafiyar wurin kafin ya duba marar lafiya, kada ya tsaya daidai saitin ƙofa, ya san ta inda zai fita. A titi ma'anarsa a ajiye alama nesa da inda aka yi haɗari, musamman da dare, kafin babbar mota ta zo ta haɗa da masu taimako.

Aibobin fim ɗin ba ƙanana ba ne. Yates bai yanke shawarar irin fim ɗin da yake yi ba, daga wasan yara ya faɗa makoki ya dawo, wani lokacin ɗinkin na fitowa fili. Soyayyar Speed da sakatariyar cike gurbi ce, Keitel kuwa kamar an aro shi daga wani fim, a shekarar da ya fito a Taxi Driver. Murdoch, ɗaya daga ma'aikatan F+B, wanda Larry Hagman ya taka kafin ya yi suna a wasan talabijin na Dallas, yana ƙoƙarin keta haddin wata yarinya da ta suma a bayan mota, fim ɗin kuma ya ɗauki abin da sauƙin da bai kamata ba. Yadda ake kiran mace da siffar jikinta tun daga sunan fim ɗin ma ya tsufa mummunan tsufa. Ga kuma Cosby: shi ne ya fi kowa iya wasa a ciki, cikin natsuwa da gajiyar wanda ya ga gawa da yawa, amma kotu ta same shi da laifin cin zarafin mace a 2018, aka soke hukuncin a 2021, kuma akwai masu kallo da dama da ba za su iya raba fuskar da wannan labari ba. Harbe-harben ƙarshe ma an liƙa su ne kawai don a samu abin rufewa.

Abin da ya fi harbin ma'ana shi ne zaman majalisar birni da ya gabace shi, inda aka shaida wa kamfanonin biyu cewa duk rububinsu babu mai samun kwangilar a cikinsu, sun yi ƙanana. Dole abokan gaba suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, sunan da ya fito daga haɗin kuwa ashar ne a Turanci, wanda fassarar Faransanci ba lallai ta iya ɗauko shi ba.

Ba fim ɗin da za a kunna a tsakar gida da yara da surukai ba ne, akwai giya, ƙwaya da maganganun batsa. Ga ɗaliban aikin jinya, direbobin motar asibiti da masu aikin sa kai na agaji kuwa, ya isa a zauna a kalle shi tare, da na'urar tsayarwa a hannun malami. Wanda yake jin Turanci ya nemi na asalin, don rabin barkwancin Garfield a saurin bakinsa yake. In za a tura maka a waya, ka sa a buɗe maka tsakiyarsa ka duba kafin ka biya, domin a kwafin da aka matse ƙwarai ba ka ganin komai a wuraren da aka ɗauka da dare sai fitilar mota.